Ɗigon kore a hoton amarya da shatin shunayya a Assop: kyamarar ce ta lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan koyo ne a sana'ar hoto, ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. Wata biyu ke nan da na sayi kyamarar DSLR ta hannu, da idonta na 18-55, har da filtar kariya a ɗaure a bakinsa. Na je ɗaukar dina a wani ɗakin taro a Rayfield, da na dawo gida sai na ga ɗigo-ɗigo kore a hotunan, ɗaya ma a goshin amarya. Bayan sati guda na tafi magangarar ruwa ta Assop, na ɗora baƙar filta don ruwan ya fito kamar auduga, na bar kyamarar a buɗe daƙiƙa 30, sai ga wani shati mai launin shunayya ya ratsa tsakiyar kowane hoto. Maigidana da ke koya min aiki, wanda ya yi zamanin fim, ya ce haske ne ke yoyo, in mayar wa mai ita. Mai ita kuma ya rantse lafiya lau ya ba ni. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi saurin mayar da ita. Yadda ka kwatanta, cuta biyu ce ka haɗa a kwano ɗaya, kuma ina kyautata zaton babu wadda ta kai a je wurin mai gyara.

Duk hasken da ya ɓata hoto ta ɗayan hanya biyu ya shigo. Ko dai ta gaba, ta idon kyamara, hanyar da aka tanadar masa, sai ya yi ta karo da gilasai a ciki har ya sauka inda ba a aike shi ba. Wannan shi nake kira ƙyalli. Ko kuma bai bi ta ƙofa ba sam, ya tsallako ta katanga, ta wata kafa a jikin kyamarar. Wannan ne yoyon haske. Abin da ya same ka a Rayfield ƙyalli ne. Na Assop kuwa yoyo ne, saboda haka maigidanka bai faɗi ƙarya ba, sai dai kafar da hasken ya bi ba tsaga ba ce, taga ce da kai da kanka ka bari a buɗe.

Mu fara da na biki, tunda shi ne ya taɓa amarya, shi ne kuma zai iya hana ka cikon kuɗinka.

Idon kyamara ba gilashi ɗaya ba ne. Irin naka na 18-55 yawanci yana ɗauke da gilasai 11 zuwa 13, an jera su rukuni-rukuni. Duk inda haske ya bar iska ya shiga gilashi, ko ya bar gilashi ya koma iska, wani ɓangarensa yana dawowa baya. A gilashin da ba a shafa wa komai ba, abin da ke dawowa ya kai kashi 4 cikin ɗari a kowace fuska. Ka ɗauka rukuni 9 ne, fuska 18 ke nan. Da ba don shafe ba, da fiye da rabin hasken ya salwanta kafin ya isa sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Mafi muni, wanda ya dawo daga wata fuska yana iya sake karo da wata ya juyo gaba, kuma tsakanin fuska 18 akwai hanyoyi 153 da hakan zai iya faruwa. Shi ya sa wani masani mai suna Alexander Smakula, yana aiki a kamfanin Zeiss na Jamus, ya fito da dabarar shafa wa gilashi siririn sinadari a 1935. Shafe mai hawa-hawa na yanzu ya rage abin da ke dawowa zuwa ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan ƙyalƙyalin kore ko ja-ja da kake gani idan ka karkata idon a rana, shafen ne. Ya rage matsalar, bai kashe ta ba. Idan fitila ta fi duk abin da ke ɗakin haske sau dubbai, ɗan abin da ya kuɓuce ma ya isa ya bar tabo.

Ƙyalli yana zuwa da fuska biyu. Akwai wanda ke fitowa da siffa, zagaye ko mai kusurwa-kusurwa, wani lokaci a jere kamar carbi. Kusurwoyin nan hoton ƙofar haske ne da ke cikin idon, wato ramin da wasu siraran ganyaye ke faɗaɗawa ko ƙuntatawa: in ganyayenta 7 ne, za ka ga siffa mai gefe 7. Akwai kuma wanda ba shi da siffa, sai dai ya lulluɓe hoton gaba ɗaya kamar hazon hunturu, baƙi ya koma toka-toka, launi ya dushe. Na biyun ya fi cutar da mu a Jos, domin ƙurar watan Disamba da Janairu tana kwanciya a gilashi, mu kuma mu kai bakin riga mu goge, mu kankare shafen da hannunmu. Damina ta zo da sanyinta da laimarta, naman gwari ya yi saƙa a cikin idon da aka jefa a jaka aka manta. Duk waɗannan suna watsa haske.

Amma ɗigonka kore, ina zargin filtar kariyar nan da aka haɗo maka da ita. Sensa ba kamar fim ba ce, tana da sheƙi, akwai gilashi a kanta. Hasken fitila ya sauka a kanta, ya dawo ta cikin idon, ya tarar da filta shimfiɗaɗɗiya kamar madubi, ta sake turo shi ciki. Sai ya sauka a kishiyar inda fitilar take. Ga yadda za ka gane ba tare da ka taɓa kyamarar ba: buɗe hoton a kwamfuta, ka ja layi daga ɗigon zuwa tsakiyar hoton, ka zarce da shi gwargwadon wannan nisan. In ka tarar da fitila a ƙarshen layin, magana ta ƙare. Fitilun ado guda huɗu a sama ta dama za su haifi ɗigo huɗu a ƙasa ta hagu, a juye. Wayoyin hannu ma suna yin haka da dare, kowa ya san koren ɗigon nan da ke yawo idan an ɗauki fitilar mota.

Maganinsa bai wuce ka kwance filtar ba idan za ka yi aikin dare. Na san an ce maka tana kare ido, kuma gaskiya ne a filin hawan sallah ko a kan babur cikin ƙura. A ɗakin biki kuwa ba abin da take karewa, illa ta ƙara maka fuska biyu na gilashi mai arha a gaban idon da injiniyoyi suka sha wahalar lissafawa. Ka sa malafar ido, wannan baƙar robar da ake ɗaurawa a baki, amma ka sani tana tare hasken da ke zuwa ta gefe ne kawai. Fitilar da ke cikin hoton, malafa ba ta da iko da ita. Sai dai ka gusa taku ɗaya ko biyu, ko ka bar kan ango ya rufe ta.

Wannan gusawar ita ce babbar shaida. Ƙyalli yana bin haske kamar jela. Ka karkata kyamara, ya motsa. Ka sa tafin hannu ka yi wa idon inuwa, ya ɓace. Ka canja ƙofar haske daga f/4 zuwa f/16, siffarsa ta canja. Kuma kana iya ganinsa a allo tun kafin ka danna. Yoyo ba ruwansa da wannan duka: yakan zauna wuri ɗaya a hoto ko me ka ɗauka, ba ya bayyana sai bayan an ɗauka, kuma abincinsa lokaci ne. Daƙiƙa 30 ta fi daƙiƙa 5 muni, a ɗaya bisa 250 na daƙiƙa kuwa ba za ka taɓa ganinsa ba.

Maigidanka ya san yoyo tun kana goye. Kyamarar fim tana da ƙofa a baya, an liƙa mata soso a gefe-gefe don tare haske. Shekaru suna tafiya soson ya narke ya zama kamar kwalta, haske ya samu hanya, hotuna su fito daga wanki da jan harshe ko ruwan lemo a gefe. A wancan zamani in an ga haka, lallai kyamara ce ke buƙatar gyara. Dijital ba ta da wannan ƙofar. Amma DSLR tana da wata kafar da ba a cika tunawa da ita ba, wato tagar da kake kafa ido kana leƙe.

A cikin DSLR akwai madubin da ke tura hasken ido zuwa wannan tagar, kuma idan ka danna yana ɗagawa sama ya rufe hanyarta. Rufin bai kai ya hana komai wucewa ba; tsakiyar madubin ma da gangan aka yi shi yana barin haske ya ratsa, don na'urar saita gani da ke ƙasa ta samu rabonta. A ɗaukar yau da kullum wannan ba ya damun kowa, domin fuskarka ta toshe tagar, kuma lokacin gajere ne. A Assop fa? Ka kafa kyamara a kan ƙafa uku, ka ja da baya don kada ta girgiza, rana tana dukan bayanta. Baƙar filtarka, in mai mataki 10 ce, ta rage hasken gaba sau 1,024. Hoton da zai ɗauku a ɗaya bisa 30 na daƙiƙa shi ne ya koma wajen daƙiƙa 30. Ka toshe ƙofar gaba saura ƙiris, ta baya kuwa babu mai gadi. Ɗan hasken da a da ba ya cikin lissafi yanzu ya samu rabin minti yana zuba a sensa. Shi ne shatin shunayyar nan, kuma kusan kullum a kwance yake ratsa tsakiya, kamar yadda ka faɗa.

Kamfanonin sun san da haka. Canon takan maƙala wata 'yar baƙar roba a igiyar rataya kyamara, mutane da yawa har su rabu da kyamarar ba su san amfaninta ba; murfin tagar ne. Nikon tana da nata mai suna DK-5, manyan kyamarorinta irin D850 kuma suna da ɗan maɓalli a gefen tagar da ke sauke labule. Kayan hannu da wuya su zo da waɗannan. Baƙin salatif na masu wayarin ya wadatar, ko ka kifa hularka a kai. Ni hular sanyi nake amfani da ita, tunda a Jos ba a rasa ta a aljihu. Wani amfanin kuma: na'urar auna haske tana kusa da tagar nan, in rana ta shiga ta baya sai ta ruɗe ta ba ka hoto mai duhu. Masu kyamara marar madubi sun huta da wannan, domin tagarsu ƙaramin allo ne, ba rami ba.

Kafin ka yarda da ni, ka gwada. Da dare ka rufe idon da murfinsa, ka kai ISO, wato saitin ƙarfin jin haske, zuwa 3200, ka saita daƙiƙa 30. Ɗauki na farko a ɗaki mai duhu, kyamarar a ƙarƙashin bargo. Ya kamata ya fito baƙi ƙirin, in ban da 'yan ɗigon ja ko shuɗi ƙanana kamar kan allura, waɗanda zafin sensa ke haifarwa. In ka ga wani haske-haske a kusurwa a wannan hoton, ba yoyo ba ne, tunda babu hasken da zai yoyo. Ɗumin kayan lantarkin ciki ne, tsofaffin kyamarori suna yi. Sannan ka ɗauko tocilan waya. Hoto na biyu, haska tagar leƙe kaɗai tsawon daƙiƙa 30 ɗin. Na uku, toshe tagar, ka zagaya da tocilan a inda ido ya haɗu da jikin kyamara. Na huɗu, buɗe robobin gefe inda ake soka waya, ka haska nan. Wuri ɗaya a kowane hoto, kada ka haɗa, in ba haka ba za ka ga yoyon ba ka san ta inda ya shigo ba.

In na biyu ne kaɗai ya nuna shati, kyamararka lafiyarta ƙalau, ka ba mai ita haƙuri. In na uku ne, duba ko idon yana girgiɗi a mazauninsa, ko akwai ƙusar da ta kwance, ko kana amfani da adafta mai arha. Filta mai kusurwa huɗu da ake zurawa a mariƙi ita ma takan bar kafa a gefe, in soson bayanta ya ɓare ko ba a sa ta a ramin da ya fi kusa da ido ba.

Ban ce kyamarar dijital ba ta taɓa zuwa da aibi daga masana'anta ba. A 2012 Canon ta amsa cewa fitilar ƙaramin allon saman 5D Mark III tana iya ruɗa ma'aunin haske a wuri mai tsananin duhu. A 2014 an samu wasu Fujifilm X-T1 na farko-farko da haske ke shiga ta ramukan soka waya idan murfinsu na buɗe. Nikon D750 kuma ta zo da wani abin da ya rikita masana kansu: ƙyalli ne na gaske, ta gaba ya shigo, amma sai wani baƙin shati ya yanke shi a saman hoto, saboda hasken yana karo da sashen saita gani da ke ƙasan madubi. A farkon 2015 kamfanin ya fara karɓarsu yana gyarawa kyauta. Tunda ba ka faɗi irin taka ba, in tana cikin waɗannan, ka duba lambar jikinta ka tambayi mai ita ko an taɓa kai ta gyaran.

Hotunan amarya kuwa, ɗigon da ya faɗa a bango ko a labule minti ɗaya ya isa a share shi a kwamfuta. Na goshin ne zai ci lokacinka, ka ɗebo fata daga gefensa a hankali don kwalliyar kada ta dame. Na Assop ba su gyaruwa yadda za ka ji daɗinsu, domin shunayyar ta cinye launin da ke ƙarƙashinta. Sai dai ka sake hawa motar Hawan Kibo, ka je da sassafe kafin rana ta haye duwatsun, da salatif ɗinka a jaka.