Tambaya da Amsa: Sabuwar Ma'ajiya ga Tsohuwar Kwamfuta

Tambaya: Ina da kwamfuta ta farkon shekarun 1990 mai aiki da MS-DOS (tsohuwar babbar manhajar Microsoft da ke tafiyar da kwamfuta), kuma har yanzu tana kunnuwa, sai dai babban faifan ajiyarta ya soma ƙara ƙwas-ƙwas, wani lokacin ma kwamfutar ba ta ganinsa sam. An ce ana iya sa mata katin ajiya irin na kyamara a madadinsa. Gaskiya ne, kuma wane kati ya dace?

Amsa: Gaskiya ne, amma akwai abin da ya fi maganar kati gaggawa. Ƙarar nan alama ce cewa faifan yana dab da mutuwa, kuma duk kunnawar da aka yi masa tana iya zama ta ƙarshe, don haka a daina gwada shi haka kawai. A ciro shi, a haɗa shi da wata kwamfuta, a kwafe duk abin da ke ciki, sannan a zo batun sauyi.

Katin da aka fi amfani da shi a wannan aiki shi ne CompactFlash, wanda kamfanin SanDisk ya fito da shi a 1994. Dalilin fifikonsa shi ne an ƙera shi yana iya magana da kwamfuta ta hanyar IDE, wato hanyar da faifan naka yake amfani da ita, saboda haka adaftar da ake buƙata ɗan ƙaramin allo ne kawai mai haƙora 40 a gefe guda da ramin kati a ɗaya gefen, babu wata manhaja da za a ƙara. Katin SD ma yana yi, sai dai shi dole a sami wani ɗan guntu a kan adaftar da zai riƙa yi masa tafinta, kuma a nan ne wasu tsofaffin kwamfutoci suke tirjewa.

Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne sayen kati mafi girma da suka samu. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 1994 BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta, ba ya iya ganin fiye da megabayit 504, kuma tsarin FAT16 da MS-DOS ke jera fayiloli da shi ba ya wuce gigabayit 2 a kowane yanki guda na faifai. Katin megabayit 256 ko 512 ya ishe ka har da saura, domin wasanni da manhajojin wancan zamani ƙanana ne ƙwarai. Wanda ya nace sai babban kati, to ya nemi XTIDE Universal BIOS, wanda aka rubuta don tsallake irin wannan iyaka. Sannan a yi wa katin yanki, a kuma shirya shi a cikin tsohuwar kwamfutar kanta da umarnin FDISK da FORMAT /S; idan duk da haka ta ƙi tashi daga kansa, umarnin FDISK /MBR yakan warware matsalar. A kula da jan layin da ke gefen faffaɗar wayar IDE da ake sokawa a adaftar, domin shi ne yake nuna inda haƙori na ɗaya yake, kuma tsofaffin wayoyi da yawa ba su da wani ƙulli da zai hana a soka su a juye.

Tambaya: Na gaji kwamfutar Amiga 500 da kwali cike da faifan fulofi, amma rabinsu ba sa karantuwa. Mene ne mafita?

Amsa: Sony ya daina ƙera faifan fulofi mai inci 3.5 tun 2011, waɗanda suka rage kuma maganaɗisunsu yana raunana, wasu har sun yi fumfuna. Mafitar da ta fi sauƙi ita ce na'urar Gotek, wadda take zama a gurbin injin fulofin, tana karanta hoton faifai, wato kwafin faifan fulofi gaba ɗaya a fayil guda, daga filashi, kwamfutar kuwa tana ɗauka faifai na gaske aka sa mata. Akasari ana sauya mata manhajar da ta zo da ita da FlashFloppy, domin ita ce take gane fayilolin ADF, wato hotunan faifan Amiga. Wahalar tana wajen ceto faifan da ke cikin kwalin, domin Amiga tana rubuta kilobayit 880 a tsari irin nata, wanda kwamfutar PC ba ta iya karantawa ta hanyar da aka saba. Abin da ake buƙata shi ne wani ɗan allo mai suna Greaseweazle, wanda ake haɗawa tsakanin injin fulofi da kwamfutar zamani, yake ɗauko motsin maganaɗisun kai tsaye daga kan faifan. Shawarata ita ce kada a jefar da asalin injin fulofin bayan an cire shi. A naɗe shi a adana, saboda masu tara irin waɗannan kayan suna ganin darajar kwamfutar da kayanta suka cika.

Tambaya: Shin adaftar CompactFlash za ta yi aiki a tsohuwar Macintosh SE?

Amsa: Ba za ta yi ba, domin wannan kwamfuta da SCSI take aiki, hanyar haɗa faifai da ta sha bamban da IDE. Abin da ya dace da ita shi ne BlueSCSI ko ZuluSCSI ko SCSI2SD, dukkansu kuwa da katin SD suke aiki. A tabbata kowace na'ura da ke kan layin SCSI tana da lambarta daban tsakanin 0 da 6, domin lamba 7 ta kwamfutar ce, kuma a kunna matoshin layin (terminator), wato abin da ke rufe ƙarshen layin, a kan na'urar ƙarshe kaɗai.