Ki daure ki yi MRI ɗin nan, ƴar'uwa

Ƴar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar. Kin ce eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ya nuna bangon zuciyarki ya yi kauri, likita ya tura ki MRI, injin ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ga tsada ga tsoron injin, ko dole ne? Ki daure ki yi. Allah ya ba ki lafiya.

Ni shekara uku ina zarya wani asibiti, ina cewa in na hau bene numfashina sarƙewa yake, in na ɗago daga ruku'u jiri ya ɗebe ni. Likitan ko ɗago kai ba ya yi. "Hajiya, damuwa ce, ki rage tunani." Ranar da na yanke jiki na faɗi a kicin, miya na kan wuta, ƴata ƙarama ce ta tarar da ni, tana jijjiga ni tana ihu. Na koma masa da ƙulu a goshi, ya ce hawan jini ne, ya ƙara mini maganin sa fitsari. Ashe irin nawa kaurin mai tare hanyar jini ne, maganin ƙara tsananta shi yake. Ina cikin magana ya rufe fayil ɗina ya kira na baya. Har gobe abin yana ci mini rai.

A MRI aka ga gaskiya. Daga kaurin milimita 15 ake kiransa ciwon kaurin tsokar zuciya, nawa 20 ne. Amma ba kaurin kaɗai ake nema ba. Likitar da ta karɓe ni ta ce a lafiyayyar zuciya zaruruwan tsoka a jere suke kamar saƙa, namu kuwa a harɗe suke, da tabo a tsakani, kuma nan bugun zuciya ke rikicewa. Ruwan gadoliniyam da ake sa wa a jijiya shi ke fito da tabon fari tas a hoto, eko ba ya nuna shi haka. Yawan tabon yana cikin abin da suke dubawa kafin su ce a dasa wa mutum na'urar farfaɗo da bugu. Akwai ma sabon salo mai bin motsin ruwa cikin tsoka don ganin harɗewar kanta, amma yawanci masu bincike ke yinsa.

Za a fara gwada ƙodarki saboda ruwan gadoliniyam ɗin. Ki cire ɗan kunne da fil ɗin mayafi, kar ki sa kwalli. Ƙara ce kamar injin markaɗe, kusan awa guda, ana ta ce miki riƙe numfashi, saki. Ni rufe ido na yi ina salati.

Don Allah a duba yaranki da ƴan ɗakinku! Sau da yawa gado ne, in na gado ne kuwa yiwuwar kowane ɗa ya gada rabi da rabi ce. Kin tuna Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru da ya faɗi ya rasu a fili a Faransa a 2003? Wannan ciwon ne. Ni ɗana na hana shi ƙwallo sai da aka yi masa eko, ya yi wata ba ya kula ni. Batun azumi ma ki tambayi likita, rashin ruwa a jiki ba ya yi mana daɗi.

In sakamako ya fito, ki tambaye su ko an ga tabo, kuma yaya yawansa. Ni sai a zuwa na biyu na san ana tambaya.