Me ya hada binciken kansa da kwayoyin cutar gona?

Tambayar wannan makon daga wata Hajiya ce a Tudun Wadan Kaduna, ga abin da ta rubuto a takaice: "Malam dana yana karatun digiri na uku a fannin kwayoyin halitta, rannan ya ce min kansar hanta yake bincike, sai kuma na ji yana waya yana maganar masara da gyada da funfuna. Ni dai na kasa gane likita zai zama ko malamin gona, ko dai yaron nan ya rikice ne?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kara girma. Ki kwantar da hankalinki wallahi yaronki bai rikice ba, sana'a daya ce yake yi, kawai dai ta nan da can ake shigarta.

Kowane abu mai rai, mutum ne ko masara ko 'yar funfunar da ke fitowa a jikin burodi, yana dauke da wani rubutu a cikin kwayoyin jikinsa wanda ake kira DNA, kuma haruffa hudu ne kacal a ciki, A da C da G da T. Na mutum ya kai haruffa kusan biliyan 3, an kammala babban aikin karanta shi a 2003. To mu masu wannan fannin aikinmu karanta rubutun nan ne, kuma injin da za ki sa wa naman kari, wato kumburin kansa, daga asibiti shi ne dai za ki sa wa kasar gona daga Saminaka, shi ba ruwansa, haruffa zai fito miki da su. Ita kansa kuma a asalinta kuskure ne da ya shiga rubutun, kwayar jiki ta manta lokacin da ya kamata ta daina hayayyafa.

Tunda kin ce hanta kin ce gyada, ina kyautata zaton na san inda yaronki ya dosa. Akwai wata funfuna mai suna Aspergillus flavus, a kasa take zaune, tana shiga masara da gyada tun suna gona musamman idan fari ya taba su ko kwari sun huda su, sannan in aka zuba a buhu ko rumbu ba su gama bushewa ba sai ta samu wurin zama. Tana fitar da guba da ake ce wa aflatoksin. An gano gubar nan ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, talotalo sama da dubu 100 suka mutu, da aka bi diddigi sai aka ga garin gyadar da ake hada musu abinci da shi ne. Abin haushin shi ne dahuwa ba ta kashe ta, ki soya ki tafasa ki yi kuli-kuli ki dama kunu tana nan daram, kuma ba lallai ne ido ya gan ta ba.

Idan ta shiga jiki hanta ce ke karbarta, wai za ta tace ta, sai a garin tacewar ta mayar da ita wani abu da ke makalewa a jikin harafin G na DNA. Akwai wani bangare na rubutun mai suna TP53, shi ne kamar birki, in kwaya ta lalace shi yake tsayar da ita ko ya sa ta kashe kanta. A 1991 masu bincike suka duba kansar hanta ta mutanen wani yanki na Sin da na kudancin Afirka, sai suka tarar a marasa lafiya da yawa wuri daya tak ya canza, matsayi na 249, G ya koma T. Harafi daya fa Hajiya, birki ya tsinke. Daga baya an sake ganin haka a Gambiya. Ni wannan abin har yau yana ba ni mamaki, a ce ka bude rubutun karin da ke cikin mutum ka ga sawun funfunar da ta zauna a buhun masarar gidansu shekaru da suka wuce, kamar barawo ya taka danyen siminti ya tafi. In kuma mutum yana dauke da ciwon hanta nau'in B, wanda mu nan arewa ba bakonmu ba ne, to hadarin ninkuwa yake yi sosai, abin ya zama ga mari ga tsinka jaka.

To kin ga wanda yake son rage kansar hanta a Kaduna in ya tsaya a asibiti kawai ya makara, don yawanci sai ciki ya kumbura ido ya yi dorawa ake kawo mutum. Dole ya leka gona. A can ne aka gano cewa cikin dangin funfunar nan akwai wadanda ba sa fitar da guba sam, kuma karanta DNA dinsu na taimakawa a tantance su, sai cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta hada su ta yi Aflasafe, kwayar dawa ce da aka shafe da funfuna marar guba aka rina ta shudi, manomi ya watsa a gona kamar sati biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, sai ta riga mai gubar kama wuri. Dabara ce mai kyau, matsalata da ita kawai karamin manomi ba ya ganin dalilin kashe kudi tunda a kasuwa mudu daya farashi daya, ba mai tambayar ko akwai guba.

Akwai ma wani hadin da nake yawan ba dalibai labari. Tsirrai ma suna yin kari, wata bakteriya mai suna Agrobacterium ce ke cusa guntun DNA dinta a cikin kwayar tsiro sai wurin ya kumbura ya yi kullutu, an tabbatar da haka a 1977. Masana suka cire mata bangaren da ke kawo karin suka mayar da ita 'yar aike mai kai sako cikin tsiro, kuma ta irin wannan hanyar aka samu waken nan SAMPEA 20-T mai jure tsutsar wake, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019. Na san akwai masu ja a kan irin wannan wake, wannan hirar wata rana ce.

Ke kuma a gida abin yi ba shi da wahala. Gyadar da ta yi baki ko ta yamutse ko kika ji tana daci a tsince a zubar, kar a ce za a ba kaji ko a jefa cikin ta kuli-kuli don kar a yi asara, masara kuma a shanya ta a kan tamfol ta bushe kamas kafin a daure buhu, a dora buhun a kan katako. Mutanen gida su je a yi musu gwajin ciwon hanta, wanda ba shi da shi ya yi rigakafi, jarirai kuma ana so a yi musu allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. In yaron ya kira ki tambaye shi ko 249 yake bi, ki ji me zai ce.