Ɗana ya fara taɓa bindigar babansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Maigidana mafarauci ne, yana rataye bindigarsa harba-ruga a bangon ɗakinsa. Kwanan nan na tarar da ɗanmu mai shekara 9 ya hau turmi yana shafa ta. Babansa ya ce a ƙyale shi, da haka shi ma ya koya. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Fargabarki tana kan hanya. Maigidanki ma yana da gaskiya ta wani gefen, domin ɗan mafarauci dole ya san bindiga. Sai dai a hannun babansa zai san ta, ido na ganin ido, ba a kan turmi shi kaɗai ba.

Na daɗe ina koya wa 'yan sintiri da mafarauta riƙon makami, kuma harba-ruga ta fi kowace bindiga ba ni tsoro a cikin gida. Ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba dalma. Da ido ba za ki gane ko a ɗure take ba. Mafarauci ya dawo daji a gajiye bai yi harbi ba, cire ɗurin aiki ne, sai ya rataye ta haka nan, bayan kwana uku shi kansa ya manta. Wani lokaci kuma a ja kunama ta ƙi tashi, albarushin na ci a hankali, yaro ya juyo bakin ya leƙa ya ga me ya hana. A nan ake rasa rai.

Don haka abin da za ki roƙi maigida shi ne kada ta kwana a gida a ɗure. Ya sa ta a akwati ko ɗaki mai kwaɗo, makulli a aljihunsa. Albarushi da dalma a wani wuri daban, nesa da murhu da ashana, musamman da hunturu. Rataya a sama ba ajiya ba ce, ɗanki ya riga ya nuna miki haka.

Duka ba zai raba shi da sha'awar ba, sai dai ya koya masa jiran ranar da kuka tafi kasuwa. Babansa ya zaunar da shi, bindiga ba ɗuri, ya bar shi ya taɓa ya yi tambayoyinsa. Ya koya masa cewa kowace bindiga a ɗure ake ɗaukarta, bakinta ba ya kallon mutum ko da wasa, yatsa ba ya zuwa kan kunama. In ya ga bindiga a gidan maƙwabta ko a gona, kada ya taɓa, ya bar wurin ya kira babba. Ku haɗa masa da hadisin da Manzon Allah (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Yaranmu suna riƙe irin wannan fiye da tsawa. Ranar da aka kawo zabo ko zomo, a nuna masa inda dalma ta shiga, ya ga ɓarnar da idonsa.

Ku yi masa maganar maganin bindiga tun yanzu, tun kafin abokai su yi masa. An yi asarar samari da dama wajen gwada laya ko rubutu, aboki ya harbi aboki. Kada ya tsaya a gwada a kansa, kada ya gwada a kan kowa, ko wane ne ya ba da maganin.

Ta fuskar doka, Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta ba 'yan sanda ikon hana riƙe ko da harba-ruga sai da lasisi, kuma ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba. Kafin nan, in rani ya yi an fara fita farauta, ya bi babansa a baya da gorar ruwa da jaka, ya koyi sawu da iska da inda ake tsayawa in za a yi harbi. In maigida ya ƙi sauraron ki, ki kai maganar wurin yayansa ko Sarkin Baka, shugaban mafarautan garinku, ya fi jin nauyinsu.