Ƙarfin sabis, bugun fara wasa a tanis, ba a dantse yake ba

Jiya bayan la'asar ka tare ni kana cewa, "Maigida, sabis ɗina ba ya gudu, ko in fara ɗaga ƙarfe?" Ɗaga ƙarfe! Wayar nan ce ta cika muku kai, ku yaran yanzu. Zauna, ɗana, tambayarka ta fama mini tsohon miki.

Akwai yaron da na riƙe shekara uku a nan Garwa, ɗan wani alhaji mai fataucin albasa zuwa kudu. Dogo, ga kafaɗa, ga hannu mai laushi. Tun da na fara koyar da tanis ban samu kamarsa ba. Uban ya ƙwallafa rai sai an kai shi gasa Yawunde. Kullum zancensa Yannick Noah, shahararren ɗan wasan tanis: ai a Yawunde Arthur Ashe, zakaran tanis ɗan Amurka, ya hango shi a 1971, ga shi ya cinye Roland Garros, babbar gasar tanis ta Faransa, a 1983. Gaskiya ne, amma shi alhaji ƙara kawai yake son ji. In ƙwallo ba ta yi tas ba, sai ya ce kuɗinsa nake ci a banza. Ni kuma don kada ciniki ya kuɓuce, na bi son ransa. Na bar yaron nan yana dukan ƙwallo kwando huɗu kullum cikin zafin watan Maris, da hannu zalla, gwiwa a sandare. Ina kallo yana murza kafaɗa bayan kowane kwando, ina kau da kai. Saura mako biyu tafiya, ya ɗaga raket ta ƙi wuce kunnensa. Alhaji ya bi gari yana cewa na nakasa masa ɗa, kuɗina na wata biyar kuwa har yau ko dala ban gani ba. Yaron yanzu yana zaman shago. In na bi ta layin, sai in sauya hanya.

To buɗe kunne. Ƙarfi daga ƙasa yake tasowa. Gwiwa ta lanƙwashe, ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, raket ta zube bayanka, hannu ya zo ƙarshe kamar bulala. Riƙon guduma, wato riƙe raket kamar yadda ake riƙe guduma, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai iya shi ba ya koma tsintar ƙwallo.

Ciwonka jefa ƙwallo sama ne. Na gan ka kana bin ta kamar mai korar kaza. Tunda da dama kake bugu, shimfiɗa raket gaban ƙafarka ta hagu, ɗan dama kaɗan, ka riƙa jefawa ba duka, sai ta faɗo kan zaren raket ɗin sau ashirin a jere. In iskar hunturu ta taso, rage tsayin jifan. Sannan sabis arba'in kacal, kana saitin gwangwani a kusurwa. Kafaɗa ta ɗau zafi, ajiye raket nan take, ko wa ke kallo.

Gobe bayan asuba ka zo da gwangwanin tumatir uku.