Biyan wani ɓangare na bashin Help to Buy: ko dole sai da lauya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya rage bashin Help to Buy, wato kuɗin da gwamnatin Ingila ta ranta maka don sayen gidanka, ba tare da lauya ba. A'a, sai da lauyan harkar gidaje. Homes England, hukumar gidaje ta gwamnati da ta ba da bashin, tana da rijistar haƙƙinta a kan takardar gidan, kuma ta hannun lauya ake tura kuɗin, a gyara takardu.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne lissafin. Ba kuɗin da aka ba ka za ka mayar ba, kaso ne na darajar gidan a yau. A ce ka sayi gida fam 200,000, gwamnati ta zuba kashi 20. Idan yanzu ya kai 250,000, kuma kana so ka biya kashi 10 na darajar gidan, abin da za ka biya fam 25,000 ne, ba 20,000 ba. Kuma kashi 10 shi ne mafi ƙarancin abin da suke karɓa.

Mai kimanta gida dole ya zama ɗan RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye, kai za ka biya shi, kuma rahotonsa wata uku kawai yake aiki. Saboda haka ka fara samun lauya kafin ka kira mai kimantawar, don kada wa'adin ya ƙare takardu na kwance a ofis. Tambayi lauyan kai tsaye ko ya taɓa yin irin wannan aikin. Akwai kuma fam 200 na kuɗin hidima.

Idan kana dab da shekara ta shida da karɓar bashin, ka hanzarta, domin a nan ruwan kashi 1.75 yake fara hawa.