Ƙanena ya rasu yana ɗan shekara 23, karma ce ko Allah ne ya zalunce mu?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni mace ce daga nan Maradi, unguwar Zariya. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, wata mota ta banke shi a hanyar Madarunfa ya rasu nan take, yaro mai sallah wanda shi ke riƙe da innarmu. Wata maƙwabciya ta ce wai karma ce, alhakin mutanen da babanmu ya cuta ne ya faɗa kanshi. Ni kuma wallahi wani lokaci zuciyata sai ta riƙa cewa mi ya sa Allah ya ɗauke shi ya bar azzalumai? Na kafirta ne malam?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah ya jiƙanshi ya ba ku haƙuri, ya ba inna dangana. Ba ki kafirta ba. Sahabbai da kansu sun zo wajen Annabi (SAW) suka ce suna jin abu a ransu wanda ba za su iya furtawa ba saboda girmansa, ya ce masu wannan shi ne tsantsar imani, yana cikin Muslim. Tsoron da ya sa kika rubuto min shi ne shaida, sai dai ki tsare harshe kar ki mai da shi magana.

Ita kuwa maƙwabciyar taku ta yi kuskure babba, kuma raina ya ɓaci da jin an faɗi haka a gidan makoki. Karma aƙida ce ta addinan Indiya, Hindu da Buda da Jain, kuma a wajensu tana tafiya ne da imanin cewa mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa, abin da ya aikata a waccan rayuwar shi yake biya a wannan, to mu ina muka ga wata rayuwa kafin wannan? Yara sun tsinto ta a finafinan Indiya da TikTok suna ta maimaitawa ba su san mi suka ɗauko ba. Eh mu ma muna cewa alhaki kwikwiyo ne, amma ai ƙarashen maganar mai shi yake bi, ba ɗanshi ba. Alƙur'ani ya faɗa a Suratul An'am aya ta 164 cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. In babanku ya ci haƙƙin mutane shi za a tambaya, kuma in yana raye ku ba shi shawara ya biya tun yanzu.

Sannan wa ya ce mutuwa da ƙuruciya azaba ce? Annabi (SAW) ƴaƴa 7 ya haifa, 6 sun riga shi rasuwa, Nana Fatima kaɗai ta rage ita ma wajen wata 6 ta yi a bayansa. Ɗansa Ibrahim ko shekara 2 bai cika ba, ya riƙe shi yana hawaye yana cewa ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Laifin wa Ibrahim ya biya? Ki yi kukanki ba komai, abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da marin fuska.

Yanzu inda mutanenmu suke yawan ruɗewa, kuma nan nake so ki natsu sosai. Ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya, wannan ba gardama. Amma wannan bai wanke direban ba. Da ace ƙaddara tana ɗauke laifi da Allah bai wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure ba, ki duba Suratun Nisa'i aya ta 92, diyya ga dangin mamaci sai in sun yafe, da ƴanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata 2 a jere, wannan fa wanda bai yi da gangan ba kenan. Mutum ya hau mota ba parmi, birki ya lalace ya sani, ko ya sha tramol yana sharara gudu cikin gari, ya kashe ɗan mutane sannan a taru a ce sai haƙuri haka Allah ya so a tashi, wannan tunanin Jabariyya ne waɗanda suka ce mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan, kuma malaman Ahlus Sunna sun ƙi shi kamar yadda suka ƙi na Ƙadariyya masu cewa ba ruwan ƙaddara da aikin bawa. Allah ya sani tun fil azal, amma saninsa bai danne ƙafar kowa a kan totur ba. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Umar ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Saboda haka fushin nan da kike ji akwai inda ya dace ya je. In maganar tana hannun jandarmomi ko an kai gaban alƙali, ku bi haƙƙinku, ba rashin tawakkali ba ne, in kuma magada sun ga za su yafe don Allah lada ne, amma kar wani ya tilasta wa inna yafiya da sunan kunya. Ki bincika ko ana bin ƙanen naki bashi, musamman in babur ɗin na wani ne yana kai balas, a biya kafin a raba gado. Ki riƙa yi mai addu'a da sadaka ko kunu ne ga almajirai. Kuma in kin ga barci ya ƙaurace maki makonni, ba ki cin abinci, ki je ki ga likita, ki tafi da inna ita ma a duba hawan jininta.